Jar Kuɓewar Tasalla da Sarkin Tsutsa

Ranar Talatar da ta wuce, ni da na yi shekara ashirin da shida ina koya wa 'ya'yan mutane karatu da lissafi, aka jera ni a bakin hanya tun hantsi, makaɗi a damana, ragon da za a ba baƙo a haguna. Ragon ya fi ni gata, don shi a inuwa aka ɗaure shi. Muna jiran wani babban mutum ne daga birni, wanda aka ce duk faɗin ƙasar nan ba wanda ya kai shi sanin tsutsa. A aljihun rigata kuwa akwai kwalin ashana, cikin kwalin akwai tsutsa guda, ita kaɗai ta rage da rai a garinmu, na ɓoye ta kamar kayan sata. Mai karatu, kada ka yi saurin cewa tsufa ya fara taɓa ni. Tsaya ka ji yadda aka yi.

Garinmu yana tsakanin Kiru da Bebeji. Ba zan faɗi sunansa ba, don ina so in ci gaba da kwana a cikinsa. Bayan ɗakina akwai ɗan fili, bai fi shimfiɗar tabarma takwas ba. A nan matata Tasalla, Allah ya jiƙanta, take shuka wata jar kuɓewa mai kauri, wadda in aka kaɗa miyarta sai ka yanke yauƙin da bakin ƙwarya. Irin daga hannun uwarta ya fito, can wajen duwatsun Doguwa, cikin kayan aure ta zo da shi. Kowace kaka takan bar wasu 'ya'ya su bushe a jikin uwarsu, ta fasa, ta gauraya da toka, ta ɗura a ɗan gora, ta rataye saman murhu. Shekara talatin da ɗaya ina shan miyar nan, ban taɓa tambayar ta inda take fitowa ba. Bara bayan kaka Tasalla ta rasu. Ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Gora ɗaya ta bari, sai ni.

Bana da ruwa ya zauna, na sauko da goran, na cire tsumman da ke bakinsa, na shuka abin da ke ciki. Duka. Na bi ƙa'ida kuwa, na ja igiya, na auna tsakanin rami da rami da sandar awo irin ta makaranta. Ina tsaye ina yaba layukana sai ga Kulu, maƙwabciyata, tsohuwa mai daddawa, ƙawar marigayiya tun suna amare. Ta leƙo ta kan danga, ta ga goran a kife, ta tambaye ni ina rabin. Na ce wane rabi. Ta ce Tasalla ba ta taɓa shuka fiye da rabin gora ba, sauran na ajiya ne, ko damina ta yi gardama. Ta ƙara da cewa dangin Tasalla na Doguwa sun daɗe da barin wannan iri, nata ita ma ya ƙare, kullum tana cewa za ta karɓa har Allah ya yi ikonsa.

"Wato Malam, abin da ke cikin ƙasar nan shi ke nan a duniya," in ji ta. "Sannu da lissafi."

Kuɓewa ta fito, gindi arba'in, ta yi kyau, ta kai gwiwa. Wata safiya na tarar ganye ya nannaɗe kamar mazurari. Kafin kwana uku rabinsa ya zama rariya.

Na ɗauko littafi. Ina da wani littafin Turanci mai hotunan ƙwari, wanda ya biyo ni gida ranar da aka sallame ni daga makaranta da godiya da buta. Littafi ne mai kyau, ba na raina shi. Ya san duk tsutsar da ke cin itatuwan da ban taɓa gani ba, a ƙasar da ruwa ke daskarewa. Na bi shi bango zuwa bango, ba kuɓewa. Duk da haka na tona gindin shuka, na ci karo da gwazarma, tsutsar nan ta juji, fara, ƙatuwa, tana kwance cikin takin da Buba makiyayi ya ba ni. Na ga ta yi kama da wani hoto a shafi na tamanin, nan take na yanke mata hukunci. Har rugar Buba na taka na yi masa jawabi a kan tsabtar taki. Ya saurare ni da ladabi, ya ba ni nono, ya raka ni bakin hanya.

Kulu ce ta wanke gwazarma. Ta ce baiwar Allah ruɓaɓɓen taki take ci, ba ta taɓa hawa ganye ba, ko ta so ma jiki ba zai bar ta ba. Sannan ta zagayo ta nuna mini yadda Tasalla ke yi. Tasalla ba ta fara neman tsutsa, ɓarna take dubawa, don ɓarnar ce ke faɗin mai ita. In ganye ya naɗe, ka warware shi, za ka ga wata koriya siririya mai baƙin kai, in ka taɓa ta sai ta yi zillo da baya. Wannan Tasalla ke kira mai tabarma. In ka tarar da ƙaramar shuka an datse ta daga ƙasa kamar da aska, ka sa yatsa ka tona gindin, za ka ga wata mai ruwan toka ta naɗe kamar awarwaro. Gizaka mai gashi kowa ya san ta, da sanda ake yi mata magana. Amma in kan shuka ya yi yaushi ya lanƙwashe, ko ka ga huda a jikin ɗan kuɓewa da ɗan kashi a bakin hudar, to wata gajera ce mai dabbare-dabbare da 'yan ƙayoyi a gadon baya, ta shige ciki tana cin iri. Ita ce ɓarauniya, kuma ita ce abar tsoro, don sauran miyar bana suke ci, ita ta baɗi take ci.

Na tambayi Kulu sunayensu na ainihi. Ta ce ba wadda aka gayyace ta ranar sunanta. Na tambayi magani. Ta ɗaga babban yatsa da manuni, ta matse su a gaban hancina. Kullum da sassafe, ganye bayan ganye, kaji na biye da kai. Haka Tasalla ta yi shekara talatin da ɗaya, a daidai lokacin da nake zaune a zaure ina karanta yaƙe-yaƙen ƙasashen da ba su san da zamana ba.

Na gwada safiya biyu. Gwiwa ta ƙi, ido ya ƙi, tabarau ya faɗa cikin taki. Da na daure da na saba, na sani. To amma a makon ne Malam Mai Keke ya iso, kuma mutum irina ba ya buƙatar dogon lallashi kafin ya bar aikin durƙuso.

Malam Mai Keke magidanci ne mai gajeren wando da doguwar safa, wakilin wani ofishi da aka kafa a birni musamman don ƙwarin gona. Ofishin ƙane ne ga ofishin da ya yi mana alkawarin gada shekara huɗu da suka wuce. Duwatsun gadar suna nan a bakin rafi, awaki na jin daɗinsu. Ya tara mu gindin durumi, ya buɗe akwati, ya fito da famfo na tagulla yana walƙiya, da gwangwanin farar hoda. Ya ce zamanin tsince tsutsa da hannu ya wuce, wannan hoda in aka fesa ta, tsutsa da jikokinta sai labari. Ya ɗura ruwan rijiya ya fesa sama don mu ga aikinsa, aka yi ta sa albarka. Sai ya goge famfon da hankici, ya mayar akwati, ya danna kwaɗo.

Wani ya tambaye shi yaushe za a fara. Ya ce da zarar an san sunan tsutsar. Doka ce, ba a fesa wa tsutsar da ba a san sunanta ba, kada a kashe wadda ba ta cikin takarda. Sunan kuwa ba shi ke faɗa ba, balle mu. Mutum ɗaya ke da wannan iko, shi ne wanda ni nake kira Mai Girma Sarkin Tsutsa na birni, Allah ya ja zamaninsa. Sai a kama tsutsa da ranta, a sa a kwali, a haɗa da takarda kwafi uku, a aika.

Ni kaɗai ne a garin ke iya cika irin wannan takarda, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya yi fari. Na ce wa Kulu ta huta da yatsunta, ilimi ya iso. Na kama mai tabarma guda lafiyayya, na sa a kwalin ashana. Takardar tana son tsawon tsutsa, da launinta, da yawan ƙafafunta, da ranar da ta fara aiki. Na cika da rubutun da na fi ji da shi, na danƙa wa Ubale masinja.

Ubale mutum ne mai tausayi, ba ya iya wuce jaki mai ƙishirwa. Ya isa babbar hanya ya tarar an rufe ta saboda ruwa, ya kwana huɗu. Da aka buɗe, motar da ya shiga ta kafe a laka, ya ƙara biyu. Duk tsawon tafiyar yana tsinkar ganyen kuɓewa a gonakin bayin Allah yana sa wa baƙuwarsa, don a wurinsa amana amana ce, ko mai ƙafa nawa ce. A birni akawun farko ya juya takardar ya ce ba hatimi. Ubale ya dawo, aka buga hatimi, ya koma. Ya ce a tafiya ta biyu ta daina cin abinci, ta ƙudundune ta yi ja kamar ƙwallon dabino, har ya yi mata addu'a yana zaton ta cika.

Ranar da kwalin ya kai teburin Mai Girma, Ubale na durƙushe a bakin ƙofa, da idonsa ya gani. Aka tara akawuna, aka shimfiɗa farar takarda, aka kawo madubin da ke ƙara wa abu girma, aka zare kwali a hankali. Sai wata 'yar faɗa-wuta, irin masu zagaya fitila, fara-fara mai zane-zane, ta fito ta zaga ofis sau biyu, ta sauka a hular babban akawu ta huta, ta bi taga. Ubale ya ce an bi ta da fayil har bakin titi.

Bayan mako shida da aikawa, amsa ta zo. Ga ta a gabana, ba zan ƙara ko wasali ba:

"Bayan gaisuwa. An duba abin da ka aiko, an same shi da fiffike. Wannan ofishi na masu jan ciki ne. Masu tashi suna hannun wani ofishi dabam, sai ka tuntuɓe su tare da ƙwaron. Ba a sami tsutsa a kwalinka ba, saboda haka ba a tabbatar da akwai tsutsa a garinku ba. A kiyaye ɓata lokacin ma'aikata."

Ni ban ga laifinsu ba. In aka bar kowane ofishi ya taɓa abin da ba nasa ba, ai sai aiki ya ƙare, in kuma aiki ya ƙare, ina mutane za su sami inuwar zama da rana? Tsutsar ce ba ta da tarbiyya. An aike ta wurin manya, ta sauya kama a hanya ba da izinin kowa ba. Abin da ya ɗan sosa mini rai kawai shi ne, ita mako uku ta yi a hanyar birni ta sami ƙarin girma, ni shekara ashirin da shida na yi ina aika takarda.

A cikin makonnin nan ina zaure ina jiran famfo, gindi arba'in ya koma goma sha huɗu. Waɗannan ma Kulu ce ta riƙe su. Takan shigo kafin ta tafi kasuwa ta tsince abin da ta iya, ba ta ko gaishe ni, ta ce ba don ni take yi ba, don mai goran ne. Ta zaɓi 'ya'ya goma sha tara mafi kyau ta ɗaura wa kowane baƙin zare, alamar na iri ne, ba mai taɓawa sai sun bushe. Sai ga huda a jikin na farko. Washegari na biyu. Ɓarauniya ta iso, yatsun tsohuwa ɗaya kuma ba za su ishe ta ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa Mai Girma da kansa zai fito rangadi, kuma garinmu zai fara sauka. Dalili kuwa, a duk takardun ofishinsa mu kaɗai ne garin da aka bincika aka ga ba tsutsa, yana so ya ga wannan abin alfahari da idonsa.

Mai garinmu, wanda shi ma ba zan faɗi sunansa ba, dattijo ne mai hangen nesa, musamman nesan da mota ke fitowa. Ya tara manya ya ce takarda ta ce ba tsutsa. In babban mutum ya zo ya ga tsutsa, mun ƙaryata shi ke nan a gaban yaransa, garin da ya ƙaryata babban mutum kuwa ko duwatsun gadarsa sai a zo a kwashe. Ka san al'adarmu. Baƙo babba ba ya ganin shara, ba ya ganin rami a hanya, ba ya ganin mai rama. Mai shela ya zaga gari: safiya uku, kowa da kowa ya fito, duk wanda aka ga tsutsa a lambunsa ranar Talata ya nemi wani garin.

Mai karatu, na ga abin da ban taɓa zaton gani ba. Mazan da suka ce tsintar tsutsa aikin tsofaffin mata ne, ga su a durƙushe, mahauci da maƙeri da wanzami, gindi sama, suna warware ganye kamar masu neman allura. Kulu na tsakiya da sanda, ita ce sarkin yaƙi. Tana nuna wa wannan hudar ɓarauniya, tana dungure wa wancan ƙeya don ya tattake shuka, tana koya wa maƙeri tonon mai awarwaro da yatsan da ya saba da guduma. Aka saki kajin gari duka a bayansu. Har yau akwai zakaran da ba ya iya hawa danga. Ganye mai huda aka tsinke aka binne, ɗan kuɓewa mai huda aka ƙone, duwatsun bakin hanya aka shafe su da farar ƙasa. Lambuna, da yake daga nan fitinar ta taso, mutum goma sha biyu aka zuba masa. Cikin 'ya'ya masu baƙin zare, goma sha ɗaya suka tsira ba ko ƙwarzane.

Ashe maganin tsutsa yana garinmu tun tuni, ba a akwatin Mai Keke yake ba. Tsoron baƙo ne. Da za a riƙa yi mana shelar zuwan babban mutum kowane mako, ko bai zo ba, da mun ciyar da birni.

A safiya ta uku ne na faki ido na ɗauke ɓarauniya guda, na sa ta a kwalin ashana da guntun kuɓewa. An kira ni maƙaryaci a rubuce, da hatimi, ina so in riƙe shaidata. Kulu ta gan ni, don ba abin da ke wuce ta.

"Malam, in ka fito da abin nan gaban baƙo, ko gawarka sai an yi shawara kafin a ɗauka."

Na auna maganarta duk tsawon tsayuwar da muka yi a rana ranar Talata. Kafin azahar na riga na yanke cewa zan yi shiru. Mutum mai shekaruna yana buƙatar masu ɗaukarsa.

Sai la'asar suka iso, mota uku. Ɗaya ta Mai Girma, ɗaya ta teburinsa da kujerarsa da bahon wankansa, ɗaya ta wani famfo da ya ninka na Mai Keke, shi ma a akwati, shi ma da kwaɗo. Mai Girma ya sauko da malafar Turawa da farar safar hannu. Da Turanci yake magana, tafinta na juya mana, ko da yake da ya taka ƙaya a bakin danga da Hausa tsantsa ya yi salati.

Aka zaga da shi lambu bayan lambu. Ko'ina tas. Malam Mai Keke yana biye yana bayani cewa wannan duk aikin ofis ne, tun ranar da aka nuna famfo a gindin durumi tsutsa ta shiga taitayinta. Mai Girma yana gyaɗa kai, wani akawu yana rubutawa. Ni ma na gyaɗa kai. Na ce maka na yanke shawara.

Da aka zo nawa, sai ya tsaya. 'Ya'yan nan goma sha ɗaya sun yi girma, jajaye, tsaye kamar ƙahon ɗan akuya. Duk macen da ta taɓa riƙe ludayi ta san kuɓewa in ta kai haka ta wuce tukunya, ta zama itace. Na ji Kulu a bayana tana cewa ko akuyar ma sai ta yi tunani. Amma Mai Girma bai taɓa ganin kuɓewa mai kyan wannan ba. Ya shafa ɗaya da safar hannu, ya ce lalle a kai su wajen nunin amfanin gona a birni, a sa kati mai sunan ofis a gabansu, manya su ga sakamakon aiki.

Ka kuma san ɗaya al'adar tamu. Abin da babban baƙo ya yaba ya tashi daga hannun mai shi. Mai gari ya ɗaga gira kawai, mahauci ya zaro wuƙa. 'Ya'yan nan kuwa saura mako uku su bushe. In aka yanke su yanzu, irin da ke ciki fari ne, taushi gare shi, ko a aljanna aka shuka shi ba zai tsiro ba.

Na durƙusa, gwiwar da ta ƙi tsutsa ta yarda da baƙo. Na ce ranka ya daɗe, na iri ne, na matata ne da ta rasu, ba sauran irinsa ko'ina, a yi mini rai a bar su su bushe. Tafinta ya saurara da kyau, ya juya ya faɗa da Turanci cewa mai lambu yana matuƙar farin ciki da wannan karramawa. Ya manta, ko bai sani ba, cewa da wannan Turancin na ci tuwo shekara ashirin da shida. Mahauci ya kama na farko.

Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba.

"Ranka ya daɗe, kafin a yanka, ga 'yar gida tana gaisuwa."

Na zare kwalin a daidai ƙirjinsa. Ɓarauniya ta fito daga guntun kuɓewarta, ta ɗaga kai, ta karkaɗa shi dama da hagu kamar mai neman wanda za ta fara gaisarwa. Mai Girma ya ja da baya taku uku, na ukun a kan ƙafar mai gari ya sauka. Tafinta bai sami aiki ba a wannan karon.

"Mene ne wannan?"

"Tsutsa ce, ranka ya daɗe. A lambun nan na kama ta, cikin kuɓewa take kwana. 'Yan uwanta nawa ke ciki, sai mai ilimi irinku."

Ban yi ƙarya ba, Allah ne shaida. Daga baya Ubale ya gaya mini cewa a ofis akwai su da yawa, a hoto, da cikin kwalba, da waɗanda aka soke da allura a bayan gilashi. Mai motsi ce ba a saba da ita ba.

Aka sauke tebur da kujera daga mota ta biyu, aka yi zama a gindin durumi. Abin da ya tayar da hankali shi ne a kai kuɓewa gaban manyan da suka fi Mai Girma girma, tsutsa ta leƙo daga bayan katin ofis. Bayan shawara mai tsawo aka yanke hukunci, aka rubuta a allo, aka kafa a ƙofar lambuna. Ba mai yanka, ba mai ci, ba mai taɓa ko ganye, har sai an san sunan tsutsar. Ranar da aka san sunan, za a tumɓuke shukar duka a ƙone, sannan a fesa wa tokar hoda.

Malam Mai Keke, don neman suna, ya ce tunda ga Mai Girma ga tsutsa, ko za a faɗi sunan nan take a huta. Amma Allah ya yi wa Mai Girma baiwar bin doka. Ya dubi Mai Keke kamar wanda ya yi tusa a masallaci, ya ce ba a karɓar tsutsa a bakin hanya. Sai ta bi ƙa'ida: kwali, takarda kwafi uku, hatimi, masinja. Aka miƙo mini kwalina da bakin sanda. Aka ɗora rago a mota ta uku kusa da famfo, suka tafi.

Tun ranar mai gari bai amsa gaisuwata ba. Mahauci ƙashi yake zaɓo mini. An ce sunan garinmu ya fita daga takardar garuruwan kirki, wanzami kuma yana gaya wa duk kan da ya kama cewa karatu ne ya yi mini yawa. Wataƙila da gaskiyarsa.

Amma na zauna da Kulu mun yi lissafi, wannan karon ita ce malamar. Ta ce ɓarauniya in ta ƙoshi takan saƙa ɗan ɗaki kamar ƙaramar ƙwarya a kife, ta shiga, bayan kamar mako biyu ta fito da fiffike, 'yar koriya. Kuɓewa tana son mako uku. Masu jan ciki kawai ofishin Mai Girma ke dubawa, na kuma riƙe takardarsu da ta faɗi haka.

Saboda haka na cika takarda kwafi uku, a tsanake, kwana biyu ina gyara rubutu. Na yanko wa ɓarauniya ɗanyar kuɓewa daga lambun Kulu, mai taushi, wadda ni kaina ban samu ba bana. Hatimi kuwa, ka san tsufa, sai na ga kamar na manta. Jiya na danƙa wa Ubale kwalin, na ce amana ce, kada ya bar ta da yunwa, kada kuma ya wahalar da ita da sauri. Ya ce ai ya san halinsu. Yana fita hadari ya haɗo daga wajen Tudun Wada.

Na wanke goran Tasalla na kife, na tankaɗe toka. Kulu ta kawo gora na biyu, ta ce rabi a wurinta zai zauna, don ba a ba mai sandar awo ajiya sau biyu. Allon ya hana yanka, ya hana ci, ya hana taɓawa, amma na karanta shi sau bakwai ban ga inda ya hana kuɓewa bushewa ba, ko ya hana ta tsagewa da kanta a saman faifan da wani ya manta a gindinta. Yanzu ba lambun da ya kai nawa tsaro daga nan har Doguwa. Ko akuyar mai gari ta zo wucewa sai ta sauya hanya.

Tasalla da yatsu biyu ta tsare irin nan shekara talatin da ɗaya. Ni shekara ɗaya tak, sai da aka haɗa da mota uku da tafinta. Masu cewa ofisoshin nan ba su da amfani su zo su gani. Ni dai bayan kowace salla ina roƙon Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya ƙara wa akawunansa natsuwa, kada ya nufe su da gaggawa. Gadar nan ma, in ba takura, a bar ta sai baɗi.